Wai mahaukaci baya warkewa sai dai rangwame?

Wannan maganar duk mun taso mun jita a bakin manya, kuma har yau tana aiki. Ana jefa ta cikin raha a majalisa, ana jefa ta idan aka je binciken aure aka jiyo cewa yaron ya taba kwanciya a asibitin kwakwalwa na Barnawa da ke nan Kaduna, ana jefa ta a ofis idan mutum ya dawo daga jinya ya dan daga murya a kan abinda kowa ma zai iya daga murya a kai, sai kaga an kalli juna ance toh abin ya motsa. Ni a ra'ayina maganar nan ba gaskiya bace, kuma a wasu gidajen barnar da takeyi tafi ta ciwon kansa, don ita ce ke sa asibiti ya sallamo mutum da saukinsa mu kuma mu ki karbarsa.

Abinda ya kamata mu fara ganewa shine likitocin kwakwalwa da sauran ma'aikatan wannan fanni idan sukace mutum ya warke, ba abu daya suke nufi da mu ba. Mu a gida ma'auninmu gajere ne. Ya daina surutai? Ya daina fita da daddare? Baya fada da kowa? Shikenan Alhamdulillahi an samu lafiya, ko da kuwa wuni yake a daki yana kallon silin, ba aiki ba aboki, ba mai tambayar ra'ayinsa ko a kan abincin da za'a dora. Su kuma abu biyu suke dubawa. Akwai lafawar alamomin ciwon, wato muryoyin da yake ji sun tafi, zargin da yake yiwa mutane ya kwanta, bacci ya daidaita, wannan aikin magani ne galibi. Sannan akwai dawowar rayuwar mutum, ya koma kan kekensa na dinki, ya koma sahun sallah ba tare da an matsa gefe ba, a kirashi taron gida a ji ta bakinsa. Kuma abin mamakin shine biyun basa tafiya tare dole. Zaka samu wanda ba ko alama daya a tare dashi amma rayuwarsa ta tsaya cak, zaka samu wanda har yanzu jefi-jefi yana jin muryar amma ya san yadda zaiyi da ita, yana rike da shagonsa a Kasuwar Bacci yana ciyar da iyalinsa. A wurin masana na yanzu, na biyun nan yafi na farkon nisa a hanyar warkewa.

Wannan fahimtar ma ba daga likitoci ta fara ba, daga marasa lafiyan kansu ta fito. Akwai wata ba'amurkiya Patricia Deegan, tana budurwa aka ce tana da sikizofiriniya, ciwon nan da mutum ke jin muryoyi yana ganin ana bibiyarsa, aka nuna mata cewa rayuwarta kenan, ta sha magani ta zauna ta hakura. Matar nan ta koma makaranta har tayi digirin digirgir a ilimin halayyar dan Adam, kuma daga karshen shekarun 1980 rubutunta da na irinta ya fara juya tunanin masana. A 1993 William Anthony na jami'ar Boston ya kawo bayanin da har yau ake koyarwa, a takaice dai yace warkewa ita ce mutum ya samu rayuwa mai gamsarwa, mai fata, wadda yake amfanar jama'a a cikinta, ko da ciwon ya bar masa wasu iyakoki. A 2011 kuma wasu masu bincike a Landan suka tattara bayanan mutanen da suka bi ta wannan hanyar, sai suka ga abubuwa biyar ne ke ta maimaituwa a bakinsu: mutum ya kasance cikin jama'a, yana da fatan gobe, ya dawo yana kallon kansa a matsayin wane dan wane ba mara lafiya kawai ba, rayuwarsa tana da ma'ana a wurinsa, sannan yana da ikon yanke hukunci a kan al'amuransa. Ka sake karanta biyar din nan, ba ko daya da ake saidawa a kemis.

Wani zai ce wannan ai dadin baki ne, ina hujja. A jihar Vermont ta Amurka an bi diddigin mutum 269 wadanda sune aka fi yanke kauna a kansu a asibitin jihar, aka sallamesu a shekarun 1950 da tsarin koyon aiki da wurin zama, aka sake nemosu bayan fiye da shekara 20. Sakamakon da Courtenay Harding da abokan aikinta suka fitar a 1987 ya nuna rabi zuwa kashi biyu cikin uku sun warke ko sun samu gagarumin sauki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa akalla mutum 1 cikin 3 masu sikizofiriniya alamomin na barinsu gaba daya. Bazan boye ba, akwai wani nazari na 2013 da ya tsaurara ma'auni sosai, ya samu kusan 1 cikin 7 ne kawai, don haka masana kansu suna jayayya a kan adadin. Amma ko mafi karancin adadin ka dauka, bai zama babu ba. Kuma wannan fa a kan ciwo mafi nauyi ake magana. Ciwon damuwa mai tsanani, firgici, rudewar da ke kama wasu mata a cikin jego, wadannan mafi yawan masu su suna mikewa su cigaba da rayuwarsu idan an kula dasu da wuri.

Toh meyasa mu muka yarda cewa ba'a warkewa? Saboda wanda ya warke buya yakeyi. Malamin makarantar da ya taba kwanciya yana saurayi bazai taba gaya maka ba, hajiyar da ta rude bayan haihuwar fari yau tana aurar da jikoki danginta sun binne zancen, ma'aikacin bankin da ke zuwa karbar allurarsa duk wata da sassafe yake zuwa yasa hular sanyi da takunkumi kada a ganshi. Wanda ido ke gani kullum shine wanda ke yawo a karkashin gadar Kawo da tsummokara, wanda watakila tunda ciwon ya kamashi ko sau daya ba'a kaishi gaban likita ba. Da shi muke auna kowa. Kuma bana ganin laifin masu buyan, don mun nuna musu abinda zai biyo baya in suka fadi.

Abin ma da ke daure min kai shine addininmu bai koya mana wannan yanke kaunar ba. Hadisin da duk dan islamiyya ya haddace, an dauke alkalami daga mutum uku, mai bacci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har hankalin ya dawo masa. Har ya dawo. Shari'a ta sa ran dawowar, ta tanadi cewa ranar da ya dawo sallarsa da cinikinsa da shaidarsa duk sun dawo. Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934 ya rubuta bayani a kan bakin ciki mai dalili da wanda ke fadowa mutum ba dalili, da yadda ake magance kowanne, asibitin Mansuri na Alkahira da aka bude a 1284 yana da bangaren masu tabin hankali. Mu ne dai muka zo daga baya muka maida abin sai mari da bulala.

Yanzu ta yaya ma'aikatan ke taimakon mutum ya warke a aikace? Mutane sun dauka likita ne kawai da takardar magani. A inda aikin ke tafiya yadda ya kamata tawaga ce. Likitan kwakwalwa shi ke gano ciwon ya rubuta magani ya kuma duba ko wani ciwon jiki ne ya jawo rudewar, don zazzabi mai zafi, farfadiya, matsalar makoko, duk suna iya kamanceceniya da tabin hankali. Masanin halayya shi ke zama da mutum suyi magana, ba hira ba, zama ne mai tsari da ake koyawa mutum ya kama tunanin da ke jefashi cikin rami ya gwada shi da gaskiya. Nas ita tafi kowa sanin mara lafiya don ita ke tare dashi dare da rana. Akwai jami'in walwala da aikinsa shine gida da dangi da wurin aiki, akwai mai horar da mutum ya koma harkokin yau da kullum, tun daga wanka da cefane har zuwa sana'a. Kuma tambayar da kwararren ma'aikaci ke farawa da ita ta canza. Da can me ke damunka ne kawai. Yanzu ana kara me kake so ka koma yi? In yace so nake in koma tuka Keke Napep dina, toh duk tsarin maganin sai ya kalli wannan burin, ba za'a dora masa maganin da zai sashi gyangyadi da karfe goma na safe ba in akwai wani zabin, ko a maida mai nauyin zuwa dare. Mai daki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zancen magani kuwa gara a fadi gaskiyarsa duka, don rabin gaskiyar da ake fadi ne ke sa mutane gudunsa. Magungunan nan suna aiki. Tun da aka fara amfani da Largactil a Faransa a 1952 asibitocin masu tabin hankali suka canza kama. Wani babban nazari na 2012 ya nuna cikin shekara guda kusan kashi 27 cikin 100 na masu shan magani ne ciwon ya dawowa, wadanda aka cire musu kuwa kashi 64. Wannan ba karamin bambanci bane. Amma kuma suna da illa, kuma illar ba kirkira bace. Tsofaffin irinsu Largactil da Haldol da allurar Modecate suna iya sandarar da jiki, hannu na rawa, yawu na zuba, mutum na tafiya kamar an daure masa kafadu, shiyasa ake hadawa da Artane, wanda shi kuma samari suka maida kayan maye. Sababbin kamar olanzafin basu cika sandarar da jiki ba amma suna sa kiba sosai har suna iya kai mutum ga ciwon suga. Wasu suna taba karfin namiji, kuma wannan shine dalilin da magidanta da yawa ke ajiye magani a boye, kunya bazata barsu su fadawa dokta ba, balle in nas mace ce a wurin. Don haka idan dan uwanka ya daina shan magani, kafin kace taurin kai ne, ka tambayeshi me maganin ke masa. Sau da yawa rage adadi ko canza wani ne kawai maganin matsalar, amma likita ne zaiyi, ba a tsayar dashi rana daya a gida ba. Ni dai a wurina mutumin da aka dankarawa magani har baya iya daga kai bai warke ba, an dai samar wa mutanen gida bacci ne.

Sannan dawowar ciwo ba faduwa jarabawa bace. Mai hawan jini idan jininsa ya hau ba wanda ke cewa ai dama asibiti karya ne, komawa akeyi a gyara magani. Ma'aikata suna zama da mara lafiya da danginsa tun yana cikin saukinsa su rubuta alamominsa na gargadi, don kowa da nasa, wani bacci ne ke fara kaurace masa kwana biyu uku, wani yawan kyauta da kashe kudi, wani ya daina cin abincin gidan, wani ya fara rufe tagogi. A yarda tun yanzu wa za'a kira, wa zai rakashi, wane magani ne ya taba karbarsa wane ne bai karbeshi ba. Shi da kansa yake sa hannu a tsarin lokacin da hankalinsa ke kwance, kaga ranar da abin ya taso ba sai an tara samarin unguwa da igiya ba.

Inda nafi son mu tsaya shine gida, don nan ne namu laifin yake. Tun shekarun 1950 wani masani George Brown a Landan ya lura da wani abu da ya bashi mamaki, wasu marasa lafiyan da aka sallama suka koma wurin iyayensu ko matansu sun fi saurin komawa asibiti a kan wadanda suka je suka kama haya. Da aka bi abin shekara da shekaru a kasashe daban-daban sai aka gano ba zaman gidan ne matsalar ba, yanayin gidan ne. Gidan da ake yawan suka da gori da hantara, da kuma gidan da ake wuce gona da iri wurin tattali, duka biyun ciwon yafi dawowa, ninki biyu ko fiye. Na farkon mun sanshi, kai dai ka zame mana kaya, kannenka duk sun wuce ka, kudin maganinka ya cinye mu. Na biyun ne bamu dauka matsala ba saboda kauna ce ke kawoshi. Uwa ta hana dan shekara talatin zuwa ko bakin titi, ta karbe wayarsa, ba'a aikensa ba'a bashi kudi a hannu, in yayi dariya a kalleshi in yayi shiru a kalleshi, in bako yazo a turashi daki. Wallahi ko mai cikakkiyar lafiya aka yiwa haka wata shida sai ya fara magana shi kadai. Shiyasa zaman da ake kiran dangi a asibiti ba bata lokaci bane, yana cikin abubuwan da bincike ya tabbatar suna rage dawowar ciwo, amma mu sai a tura karamin yaro ya karbo magani a ce ai jikin da sauki.

Aiki ma haka. Da can tunanin shine sai mutum ya warke sarai tukuna a fara zancen sana'a. A Amurka cikin shekarun 1990 aka juya abin, a samar masa aikin gaske da yake so tun yanzu sannan a rika tallafa masa yana ciki, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna wadanda aka bi dasu ta haka sun ninka sauran wurin samun aiki. Aikin kansa magani ne, yana bashi dalilin tashi da safe da kudin kansa da abokan hira. Mu nan Kaduna ba sai mun kirkiro komai ba, tsarin oga da yaro yana nan a Panteka, yana nan a garejin makanikai da shagunan dinki da kasuwar Sheikh Gumi. Abinda ya rage shine ogan ya yarda ya karbi yaron da ya dawo daga Barnawa, ya san ranar kilinik dinsa ya barshi yaje, kuma ranar da sukurudireba ta bata kada ace ai dama wane ba lafiya gareshi ba.

Aure kuwa shine babban dutsen. Bazan ce a rufe ido a bada 'ya ba, kuma boye ciwon har sai an daura ha'inci ne, karshensa ma ciwon ne ke tashi saboda amarya ko ango na boye kwayoyi a kasan akwati har a daina sha. Amma tambayar da ta dace ba ya taba yi ko bai taba ba ce. Wane irin ciwo ne, yaushe rabon da ya tashi, yana bin maganinsa, yana rike da sana'arsa, zai yarda aje tare a zauna da likitansa? Mace mai irin wannan tarihin tana bukatar a tsara maganinta tun kafin ciki da kuma sa ido sosai a makonnin farko na jego, wannan duk abu ne da ake iya shiryawa idan an sani.

Na san masu cewa kai baka taba zama da wanda abin ya tasowa da tsakar dare da tabarya a hannu ba. Maganarsu tana da nauyi. Akwai lokacin da mutum ke zama hadari ga kansa ko ga wasu, musamman in shaye-shaye ya shiga ciki, kuma a lokacin kwantar dashi ko baya so shine daidai. Akwai kuma wadanda duk abinda akayi saukin kadan ne, zasu bukaci kulawa har karshen rayuwa, kuma bai kamata zancen warkewa ya zama sandar dukan iyayensu ba, a ce da kun iya da ya mike. Amma mafi yawan masu tabin hankali basa dukan kowa, su ake duka, su ake yiwa fyade, su ake cinyewa gado. Kuma kwanakin rikicin kwanaki ne, ba a gina duk sauran shekarun mutum a kansu ba.

Mu a garin nan mun ga karshen inda tsoro ke kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka bude wani gidan mari a Rigasa suka fito da mutane kusan 300, manya da yara, da yawa da sarka a kafa da tabon bulala a baya, makonni kadan bayan nan aka bude wasu a Daura da Zariya. Abinda ba'a cika fadi ba shine yawancinsu iyayensu ne suka kaisu da hannunsu suna biyan kudi, ba don mugunta ba, don basu san wani wurin ba ko basu da kudin wani wurin. An rufe gidajen, amma bukatar da ta cikasu tana nan. Binciken da aka fitar na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka taba kwaya a shekarar da ta gabaceshi, a 2018 din ne ma aka hana maganin tari mai kodin, Tiramol da Exol da wiwi kuwa suna nan. Ga kuma wani sabon nauyin, wadanda suka dawo daga hannun 'yan bindiga, fasinjojin jirgin kasan da aka tare a Maris 2022, daliban Afaka, yaran Kuriga, da dubban mutanen kauyuka da sunansu bai taba fitowa a jarida ba. Ana murnar dawowarsu a yi sauka a watse, mafarkin da firgitar da ke biyowa baya kuwa sai su da matashin kai.

Ba kuma ina cewa a kori malamai masu rukiyya ko fastoci bane, wannan ma bazai yiwu ba, don kafin a kai mutum daya asibiti an kai goma wurinsu. Najeriya ce ma ta koyawa duniya hanyar. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin kauye a Aro kusa da Abeokuta, maimakon a kulle mara lafiya sai a saukeshi a gidan mutanen kauye tare da wani dan uwansa, da rana yaje asibiti, da yamma ya dawo cikin jama'a, kuma yayi aiki da masu maganin gargajiya. Mutumin nan har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama. A 2020 Farfesa Oye Gureje da tawagarsa suka fitar da sakamakon gwajin da sukayi a Ibadan da Kumasi ta Gana, inda ma'aikatan kananan asibitoci ke zuwa wurin masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba marasa lafiya tare, kuma wadanda aka yiwa hakan sunfi samun sauki. Malam yayi tofinsa, nas tayi allurarta, sharadin kawai ba duka, ba sarka, ba cewa a zubar da maganin asibiti don wai aljani baya son kwaya.

Su ma ma'aikatan ba zan wankesu tas ba. Duk wannan kyakkyawar fahimtar da na zayyano, a yawancin asibitocinmu tana cikin littafi ne kawai. Kasar da ta haura mutum miliyan 200 likitocin kwakwalwarta basu kai 300 ba, kuma kullum wasu na hada jaka zuwa Ingila da Saudiyya. Likitan da layi ya cika masa baranda ba lokacin da zai tambayeka burinka, yana bacci? yana cin abinci? a cigaba da magani, a dawo bayan wata biyu, na gaba. Na fahimci matsin, amma akwai abinda ba kudi yake ci ba. Ka kalli mara lafiyan ka tambayeshi shi, ba ka rika magana da wanda ya rakoshi kamar shi kujera ne ba. Ka gaya masa sunan ciwonsa da Hausar da zai gane. Ka fada masa illar maganin kafin ya ganta a jikinsa ya tsorata. Kuma kalmar da ma'aikaci ya furta ranar farko, ko za'a samu sauki insha Allah zaka koma makarantarka, ko kuma wannan ai sai hakuri, mutum yana rike ta shekaru.

Gwamnati kuma tayi rabin aiki. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar kwakwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa, ta hana nuna wariya a wurin aiki, ta ba mara lafiya hakkin a sa dashi a shawarar maganinsa, ta kuma tanadi asusu na musamman. Takarda tayi kyau. Amma mutumin Birnin Gwari ko Giwa ko Sanga da zai biyo hanya duk wata don allura guda, kudin motarsa da na mai rakiya sunfi kudin allurar, wata na uku zai daina zuwa, wata na shida a daureshi a turke. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan kananan asibitoci su gane su kuma kula da ciwon damuwa, farfadiya da rudewa, likitan kwakwalwa yana duba aikinsu daga nesa. A Zimbabuwe ma kakanni mata aka horar suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin yana aiki. Jihar Kaduna tana da mazabu 255, kuma an dade ana mana alkawarin asibiti mai aiki a kowace mazaba. Abinda nake nema a wurin gwamnatin jiha da 'yan majalisarmu shine a kowanne daga cikinsu a samu ma'aikaci ko daya da aka horar a wannan fannin, a samu magungunan nan guda hudu biyar masu araha a kan kanta ba yankewa, a sa su cikin inshorar lafiya ta jiha, Barnawa da asibitin koyarwa na Shika a Zariya su zama wurin da ake tura wanda abinsa yayi tsanani da kuma masu sa ido a kan sauran.